Karatun Kurma

Asibiti, Kano
Afrilu, 1982

Zuwa ga uwargida Atika,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da nauyin da kike ɗauke da shi. Yaya ƙafafun, sun daina kumburi? Yaya Baba da Inna da sauran mutanen gida? Yaya kuma zafin Ringim? Allah ya sa kowa lafiya, amin.

Na san labari ya riga takardar nan isowa, domin an faɗa a rediyo, kuma direbobin tasha ba sa riƙe magana. To, ki kwantar da hankalinki. Ga rubutuna kin gani, da hannuna na yi shi, a zaune nake ba a kwance ba. Ƙuna ce a bayana da damtsen hagu, ana wanke ta kowace safiya, kuma likita bai nuna wata damuwa a kanta ba.

Ga yadda abin ya faru. Ranar Talata da hantsi a masaƙarmu ina tura amalanken yadi daga sashen rini zuwa wurin busarwa. Abokina Labaran ya wuce ni riƙe da kofin shayinsa zai koma ɗakin boila, wato babbar tukunyar tururin nan da na taɓa nuna miki bututun hayaƙinta daga bakin titin Sharaɗa. Ya tsokane ni kamar yadda ya saba, wai tun da kika tafi goyon ciki na rame don ba mai tuƙa mini tuwo. Na ce masa ya bari a tashi daga aiki zan rama. Ban kai ƙarshen barandar ba.

Wai ƙarar fashewar tukunyar ta kai har unguwarmu Ja'en, wai kwanukan mata sun zubo daga kan kanta. Ni ban san da wata ƙara ba. Abin da na sani, wani abu ya ɗauke ni sama ya maka ni da bango. Da na buɗe ido sai na ga fari fat ko'ina, tururi ya cika wurin, rufin kwano ya yage har ina hango sararin sama. Mutane suna gudu, bakunansu a buɗe. Heluma, wato mai kula da ma'aikatan sashenmu, ya durƙusa a kaina yana jijjiga ni, jijiyoyin wuyansa duk sun tashi. Masaƙar da sai ka yi ihu a kunnen mutum kafin ya ji ka, ta yi tsit. Wallahi na zaci na mutu ne. Na ce a raina, ashe haka mutuwa take, kana ganin mutane amma an ɗauke musu sauti. Na yi kalmar shahada, ita ma ban ji fitarta ba.

Atika, na yi ta kewaye-kewaye don ban san yadda zan rubuta miki wannan ba. Ba na ji. Ko kaɗan. Jini ya fito ta kunnuwan biyu a ranar, aka toshe su da auduga, aka cire audugar, har yanzu shiru. Jiya wata nas ta yar da farantin ƙarfe a gaban gadona, na ga kowa ya zabura, ni kuwa ina kallonsa yana juyi a ƙasa kamar a mafarki. Lokacin salla sai dai in ga mutane sun miƙe da butoci. Likita ya rubuta mini cewa dodon kunnen ya fashe duka biyun, sai a jira abin da Allah zai yi. Na karanta, na juya takardar ko akwai ƙari a bayanta. Babu.

Yaya Tijjani yana zuwa kullum idan ya tashi daga majemarsu ta Challawa, ya kawo mini abinci. Ya sayo littafin rubutu irin na 'yan makaranta, a ciki muke hira, ni in faɗa da baki, shi ya rubuta. Wanda ban gani ba shi ne Labaran. Na san shi da tsoron asibiti, amma ban zaci tsoron zai hana shi leƙo ni ba. Abin ya ɗan sosa mini rai.

Kada ki ce za ki taho, na roƙe ki. Hanyar ba ta mai ciki irin naki ba ce, kuma ko kin zo, me za ki faɗa in ji? Ki rubuto, wannan kam ina iya karɓa. Ki gaishe mini da Baba da Inna, ki ce su sa ni a addu'a.

Naki har kullum,
Uwaisu

Asibiti, Kano
Ƙarshen Afrilu, 1982

Atika,

Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya yi kewarki. Yaya jikin naki, da ciwon bayan da kika ambata? Yaya mutanen gida? Takardarki ta iso ta hannun direban motar Ringim. Na ga inda tawada ta jiƙe, kuma na san abin da ya jiƙa ta. Ki daina, don Allah.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Labaran ya rasu. Ba jiya ba, ba shekaranjiya ba. Tun ranar Talatar nan, a wurin, kafin ma a fito da ni. An yi masa sutura da la'asar ɗin ranar, ni kuwa na yi ta kwanciya a nan ina jin haushinsa.

Mahaifinsa ne ya zo daga Kura duba ni, Yaya Tijjani bai iso ba tukuna. Na gaishe shi, na ce, "Baba, ina Labaran ya shige ne?" Tsohon ya zuba mini ido. Bakinsa ya motsa, sannan ya tuna ba na ji, shi kuma bai iya rubutun boko ba. Sai ya shimfiɗa tafin hannunsa a kan gadona, ya yi kamar ya ɗebo ƙasa da ɗaya hannun ya zuba a kai, ya ɗaga hannuwa sama ya shafa. Haka na sami labarin mutuwar amininna. An ce na ƙwalla ihu, ni ban sani ba.

Duk ɗakin nan sun sani, Atika. An yi ta maganar a gabana, a bakin gadona ma, ina gyaɗa kai ina murmushi kamar wawa. Yaya ya ce likita ne ya hana a faɗa mini sai na ƙara ƙarfi. Ban yi fushi da kowa ba. Amma tun daga ranar, duk bakin da na ga yana motsi sai gabana ya faɗi, in ce wa kuma ya mutu?

Shirun nan ba irin wanda kika sani ba ne. Babu abin da zai katse maka tunani, sai ka wuni kana tauna abu ɗaya. Rediyona da ba na rabuwa da ita, na ɗora hannu a kanta na ji tana kakkarwa kamar kaza, na miƙa wa mutanen ɗaki na ce su riƙe.

A gadon da ke kusa da nawa akwai wani mai suna Istifanus, mutumin Kagoro, mai gyaran inji ne a masaƙarmu. Sanin gaisuwa kawai na yi masa a da. Shi a fuska tururin ya same shi, an naɗe kansa da bandeji, baki da hanci kawai aka bari. Matarsa Hannatu tana aiki a wani kamfanin alewa a Bompai. Takan zo da rana ta zauna ta karanta masa wani littafin Hausa da bangonsa ya cire, sannan ta ruga ta kama bas. Ranar Alhamis ta ɗauki littafin hirarmu ta rubuta: "Ɗan'uwa, in na tafi ka riƙa karanta masa ko shafi ɗaya ne. Duhun yana damunsa." Na ce mata ba zan iya ba. Ba ta yi gardama ba, ta dai ajiye littafin a kan akwatin da ke tsakaninmu ta tafi.

Akwai abin da ba ki sani ba game da mijinki. Ba ɓoyewa na yi ba, ni kaina mantawa na yi. Ban da Alƙur'ani ba ki taɓa ganina riƙe da littafi ba, ko? To, ina yaro a Gaya ba a raba ni da littattafan labarai. Mai kula da ɗakin karatu na En'e har gajiya ya yi da ni. Ina tafe ina karatu na taɓa yin karo da jakin masu itace, goshina ya kumbura, aka yi wata guda ana yi mini dariya a unguwa. Da zan taho Kano neman aiki, kayan sawata a ƙullin zane suke, littattafan kuwa kwali guda.

Sai masaƙa ta karɓe ni. Wannan mako aikin safe, wancan aikin kwana, ga obataya bayan an tashi daga aiki. In na dawo ɗaki ƙarar inji tana nan a cikin kaina, in buɗe littafi in farka in gan shi a ƙirjina. Daga baya na shiga karatun jarrabawa ta gidan waya don in zama akawu, na zauna na faɗi, na sake zama na sake faɗuwa. Tun daga nan duk littafin da na gani sai ƙirjina ya yi nauyi, kamar zai tambaye ni abin da ban sani ba. Na tura kwalin ƙarƙashin gado. Sai da za a yi wa ɗakin fenti saboda zuwanki na jawo shi, na tarar gara ta mayar da shi ƙasa. Na share na kai bola. Abin da ya dame ni a ranar kawai shi ne kada garar ta taɓa ƙafar gadon. Yanzu da na tuna, tsigar jikina tashi take. Wane irin mutum na zama ban sani ba?

Jiya da kowa ya yi barcin rana na ɗauki littafin Hannatu, don kaina ba don mijinta ba. Atika, na kasa. Kalmomin ina gane su ɗaya bayan ɗaya, amma sun ƙi haɗuwa su zama labari. In kai ƙarshen shafi in rasa abin da na karanta, sai kofin shayin Labaran nake gani. Na rufe shi na ajiye. Kunne ya tafi, na ɗauka ai ido yana nan, ashe wannan ƙofar ma na bari ta yi tsatsa.

Ki yi wa Labaran addu'a. Ki gaida kowa da kowa.

Mijinki,
Uwaisu

Asibiti, Kano
Mayu, 1982

Zuwa ga Atika, abar tunanina,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa. Ina fata kina lafiya, kina cin abinci, kina kuma bin maganar ungozoma. Na ji an yi yayyafi a wajenku, mu nan hadari ne kawai yake haɗuwa ya watse. Kin ce kin yi mamakin labarin jakin masu itace har kin ba Inna. Haba Atika, yanzu da wane ido zan kalle ta?

Wani abu ya faru da ni, har yanzu ban gama gaskata shi ba.

Ranar Litinin aka canza wa Hannatu lokacin aiki, ba ta samu zuwa ba. Da rana aka wanke wa Istifanus fuska aka sake naɗe shi. Ban ji abin da ya yi ba lokacin wankin, amma na ga wani majinyaci ya toshe kunnuwansa. Da nas-nas suka tafi sai na ga jikinsa yana ɓari, ya miƙa hannu yana lalube a iska wajen kujerar da matarsa take zama. Ya daɗe yana lalube. Na kasa jurewa, na sauko na kama hannun, na ce masa ni ne Uwaisu na sashen rini. Ya damƙe ni kamar mai nutsewa. Ko na yi masa hira ya amsa, ba ji zan yi ba. Sai na jawo littafin na buɗe inda Hannatu ta naɗe kunnen shafi.

Ban gama layin farko ba na ga duk ɗakin ya juyo, wata nas ta shigo a guje. Ashe ihu nake yi. Wanda ba ya jin muryarsa bai san nauyinta ba. Kunya ta kama ni zan rufe, sai Istifanus ya lalubo wuyan hannuna ya matsa. Na rage murya, ya sassauta. Na rage da yawa, ya ɗan bubbuga. Da haka muka daidaita ba tare da kowa ya koya mana ba.

Labarin wasu 'yan'uwa biyu ne da ubansu ya mutu ya bar musu kwalekwalen fito guda ɗaya. Wan yana zaune a wannan gaɓar kogin, ƙanen a waccan, rigimarsu kuma ita ce a wane gefe kwalekwalen zai riƙa kwana. Da farko bakina ne kawai yake karatun, hankalina yana kan hannun da ke riƙe da ni. Can sai na ji gadon yana girgiza. Na ɗaga kai na ga Istifanus yana ta jijjiga, bakinsa a wangame. Na zaci farfaɗiya ce, na miƙe ina kiran nas. Sai na ga wani dattijo mai karayar ƙafa da ke fuskantarmu yana share hawaye da hularsa, wani kuma ya kifa ciki yana dukan katifa. Dariya suke yi, Atika. Dukkansu. Ni da na karanta abin dariyar ni kaɗai ne ban san mene ne ba.

Haushi ya sa na koma baya na sake bin shafin a zuci. Ashe 'yan'uwan sun shirya a kan kwalekwalen ya kwana a tsakiyar kogi don kada a cuci kowa, sai da suka ɗaure shi a can sannan suka tuna dukkansu ba su iya iyo ba. Na ji cikina yana motsi, numfashina yana tsinkewa. Rabona da dariya tun ranar Talatar nan.

Amma ba wannan ne ya girgiza ni ba. Ina cikin bin shafin sai na lura wan yana da murya. Wata shaƙaƙƙiyar murya irin ta mai gidan hayarmu. Ƙanen kuma da hanci yake magana. Matar wan in ta buɗe baki kamar ana kankare tukunya. Har ruwa ina jin yana marin gefen kwalekwalen. Na rufe littafin, shiru ya dawo. Na buɗe, suka ci gaba da faɗansu. Atika, a cikin littafi ni ba kurma ba ne. Na zauna baki buɗe ina kallon takardar da ta yi ja saboda tsufa, ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba.

Tun daga ranar abin ya dawo mini gaba ɗaya, kamar yunwar mai tashi daga zazzaɓi. Washegari da Istifanus ya yi barci na saci hanya na ƙarasa littafin ni kaɗai, tuwon da Yaya ya kawo ya yi sanyi ƙalau ban taɓa ba. Da muka ci gaba da karatu sai na riƙa dariya tun kafin a iso wurin dariyar, ya gano ni. Hannatu ta rubuta mini: "Ya ce kai maci amana ne, in ka sake yin gaba ka bar shi zai kai ƙararka wurin likita." Yanzu na yi alkawari, tare muke tafiya, kuma wallahi riƙe alkawarin ya fi wankin ƙuna wuya.

Hannatu ta aro mana wasu littattafan wurin abokan aikinta, Yaya ma ya samo guda a kasuwa. Bayan la'asar masu iya tafiya sukan jawo kujeru, masu jinya su tsaya a bakin ƙofa. Ba na jin abin da suke cewa, amma ina ganin fuskokinsu, kuma yanzu in baki ya motsa na san a kan me yake motsi.

Ƙunar ta kama hanyar warkewa. Mako mai zuwa likitan kunne zai sake duba ni. Ki gaida su Baba.

Naki,
Uwaisu

Ja'en, Kano
Ƙarshen Mayu, 1982

Atika,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta mutanen gida, ina sanar da ke an sallame ni daga asibiti, daga ɗakinmu nake rubuto miki. Komai yana nan yadda kika bar shi, sai ƙura.

Likita bai ɓoye mini ba. Kunnen hagu ya tafi ke nan. Na dama kuma ya ce ba zai yi mini alkawari ba. Na yi tsammanin na shirya wa wannan magana, amma da na fito bakin titi sai na rasa inda zan nufa. A hanyar Sharaɗa wani bawan Allah ya fizgo rigata ta baya har na faɗi, wata babbar mota ta wuce ta inda nake tsaye. Direban ya leƙo yana ta zazzaga masifa. Ko ɗigon hon ɗinsa ban ji ba. Na jingine kekena, ba zan sake hawa ba.

Na je masaƙa. Atika, an toshe rufin, an shafe bangon, ana kafa sabuwar tukunya. Wani da ban sani ba yana zaune a kan bencin Labaran yana cin gurasa. In ba ka sani ba sai ka rantse ba abin da ya taɓa faruwa a wurin. Na tsaya ina kallo har mai gadi ya taɓa kafaɗata.

Jami'in ma'aikata ya karɓe ni da fara'a. Ya rubuta cewa ba za a sallame ni daga aiki ba, za a mayar da ni babban zauren saƙa, inda injuna suka fi ƙara, inda kowa yake gudu. A ƙasa ya ƙara da cewa, "Ka ga kai yanzu ƙara ba za ta dame ka ba." Ya miƙo mini yana murmushi, shi a ganinsa alheri ya yi mini. Na daɗe ina kallon layin nan. Sannan na tuna da ke da abin da ke tafe, na ce na gode. Na fara aiki. Ƙasa tana rawa a ƙarƙashin ƙafata wuni guda, auduga tana tashi, ɗaruruwan injuna suna kai da kawowa, ni kuwa kamar ina cikin rijiya. Lokacin hutu nakan zauna a gindin dalbejiyar bakin ƙofa da littafina, sai wani ya taɓa ni in san an busa jiniya.

An kwance wa Istifanus bandeji kwana kaɗan kafin in fito. Ina wurin. Na ga likita yana kaɗa yatsu a gabansa, na ga Hannatu ta dafe bango. Haske da duhu kawai yake bambancewa, shi ma da ido ɗaya. Wannan ne karon farko da na ga fuskarsa tun bayan abin, kuma ba zan kwatanta miki ita ba a halin da kike ciki. Ya juyo wajen gadona ya faɗi wata magana, Hannatu ta rubuta tana kuka: "Ya ce kada ka ɗauka ka tsira, saura babi huɗu." Suna zaune a Birged, bayan Bompai. Ranar Lahadi in sun dawo daga coci zan hau bas in je.

Ki kula da kanki. Duk motar Ringim da ta shigo, hankalina yana kanta.

Mijinki,
Uwaisu

Ja'en, Kano
Yuni, 1982

Zuwa ga uwargida Atika,

Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi. Barka da arziki, barka da sauka lafiya. Sannu, Atika, sannu da ƙoƙari. Yaya jikin naki? Yaya ruwan zafi? Yaya kuma baƙuwar? Ki yi wa Inna sannu da hidima, ki ce na gode, Allah ya saka da alheri. Ranar Asabar Yaya Tijjani ya same ni a gindin dalbejiya, bai tsaya neman biro ba, ya yi kamar yana jijjiga jariri a hannu, sannan ya kama kunnensa ya nuna wurin ɗan kunne. Na gane mace ce. Na yi sujada a wurin, abokan aiki suka yi ta bubbuga bayana har sai da na tuna musu da ƙunar.

An ba ni hutu, ranar Juma'a zan taho tare da Yaya, mu kwana a yi suna da mu. Amma akwai labarin da ba zan iya riƙe shi har Juma'a ba.

Ranar Lahadi na je Birged na kai musu albishir. Hannatu ta yi guɗa, na gani a wuyanta. Aka shimfiɗa mana tabarma a tsakar gida, ni da Istifanus, ya kama wuyan hannuna muka ɗora daga inda muka tsaya. Wani sabon littafi muke ciki, labarin wata mai sayar da man gyaɗa da aka ɗora wa satar awarwaron zinariya a gidan da take kai mai. Mun iso wurin shari'a, duk shaidu sun juya mata baya, saura mutum ɗaya alƙali zai kira.

Ina tsakiyar karatu sai na ji wani abu ta gefen dama, kamar ƙuda ya faɗa cikin tulu. Na kai hannu na kore, ba ƙuda. Na yi shiru, abin ya yi shiru. Na ci gaba, ya dawo. Na sake tsayawa, ya tsaya.

Muryata ce, Atika. Can nesa, siririya, mummuna, amma tawa ce, kuma ta kunne ta shigo.

Gumi ya karyo mini, zuciyata kamar za ta fasa ƙirji. Istifanus bai san abin da ake ciki ba, sai jan hannuna yake yi wai in ci gaba. Na buɗe baki zan faɗa masa, idona ya sauka a kan shafin, na ga shaidan ƙarshe ya shigo, kuma ba kowa ba ne illa mijin matar da ta yi ƙara. Ki yarda ko kada ki yarda, ci gaba na yi. Na karanta babin nan har ƙarshe, ƙudan yana bina a cikin tulu, sai da alƙali ya wanke mai man gyaɗa ta fita daga kotu da ƙafarta, sannan na rufe littafin na ce musu, "Jama'a, ina jin kamar ina ji."

Hannatu ta saki kofin da ke hannunta. Ta zagayo ta dama ta ƙwalla kira a kunnena, na tsinci wutsiyar sunana, "su", ita kaɗai. Istifanus ya riƙe kai da hannu biyu yana magana, da ta natsu ta rubuta mini: "Ya ce tun yaushe? Ya ce kuma ka tsaya ƙarasa shari'ar mai man gyaɗa? Ya ce lallai ba kunnenka kaɗai tukunyar nan ta taɓa ba." Muka yi ta dariya mu uku, sannan dariyar ta juye ta zama wani abu, maƙwabta suka leƙo suna tambaya ko lafiya.

Na koma wurin likita ranar Litinin. Ya ce tantanin dodon kunnen dama ya fara haɗewa, mai yiwuwa jin ya ƙaru, mai yiwuwa kuma iyakarsa ke nan. Ya ba ni takarda in kai masaƙa a fitar da ni daga zauren saƙa tun kafin injuna su cinye ɗan abin da ya dawo, na kai, ina jiran amsarsu. Kada ki sa rai da yawa. Har yanzu ba na jin kiran salla, ba na jin mota, in mutum ya yi magana a gabana sai dai in kalli bakinsa. Abin da yake kusa sosai kuma mai ƙarfi, shi kaɗai yake ratsowa.

Shi ya sa nake da roƙo guda. Na san a gaban su Inna kunya ba za ta bar ni in ɗauki 'yar fari ba, ke ma haka. Amma ki san dabarar da za ki yi a bar mu mu uku ko na ɗan lokaci ne. In ta fara kuka kada ki yi saurin rarrashinta. Ki kawo ta gefen damana, dab da kunnen, ki bar ta ta yi iya ƙarfinta.

Sai na iso. Ki gaida Baba da Inna da duk masu zuwa barka.

Naki har kullum,
Uwaisu